Yadda Shugaba Ittup Ya Sace Kansa

Shekara talatin da ɗaya Ittup Tarakan ya yi a majalisar jiharmu, ko sau ɗaya bai taɓa zama minista ba. In ka tambaye shi dalili, sai ya gyara mayafin kafaɗarsa mai bakin zinariya, ya ce sau tara ana roƙonsa yana ƙi. Ni da na zauna kusa da shi shekara goma sha biyu na san yadda abin yake. Sau tara yana kai wa tela ɗinkin sabuwar riga, sau tara ana rantsar da wasu yana tafa musu.

Shi ne shugaban Jam'iyyar 'Yancin Kowa. Aƙidarmu ita ce a bar ɗan kasuwa ya yi kasuwancinsa, a bar jarida ta faɗi abin da ke bakinta, kowa ya bi addininsa, gwamnati ta daina sa wa mutane ido. Aƙida ce mai kyau, har gobe ina kanta. Matsalar dai mu huɗu ne kacal a majalisa: shi kansa, da Alhaji Kunjalavi mai sayar da katako, da Dakta Velayudan mai maganin gargajiya, sai ni Sulochana, tsohuwar shugabar makaranta, wadda kowa ke kira Malama. A mota ɗaya muke zuwa babban taron jam'iyya, kuma akan samu wurin ajiye jaka.

Sai ga shekarar da gwamnati ta yi tangal-tangal. Aka sa ranar Juma'a da ƙarfe uku za a kaɗa ƙuri'ar amincewa, Babban Minista, shugaban gwamnatin jihar, ya ƙirga mutanensa ya ga saura uku yake nema. Ya kira Ittup ya ce, "Ka kawo mini ƙuri'a uku ranar Juma'a, kujerar Ministan Sufuri taku ce." Ittup ya fito daga ofishin yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba.

A irin wannan mako kowa ya san abin da ake yi. Kowace jam'iyya takan kwashe 'yan majalisarta ta kulle su a otal, a sa ƙarti a ƙofa, don kada 'yan hamayya su zo da daɗin baki su janye su. Mu ma mun ɗauka otal za mu, har Dakta ya sayi sabon buroshin haƙori.

Ran Talata da safe Ittup ya ce mu haɗu a bakin ruwa, wai karin kumallo zai ba mu. Muka tarar da ƙaton jirgin dakon shinkafa, an yi masa rumfar asabari da ɗakuna biyu, an ɗaura masa inji a baya. Muna gama shiga ya sa aka janye katakon hawa.

"Jama'a," in ji shi, ya ɗaga yatsa sama, "sauran shugabanni suna kulle mutanensu kamar awaki. Ni Ittup ban taɓa sa wa ɗan Adam kwaɗo ba. Ku dubi jirgin nan da kyau. Akwai ƙofa? Babu. Akwai mai gadi? Babu. Duk wanda ya ga dama ya fita."

Alhaji ya leƙa ruwa, ya ja da baya. "Shugaba, ai ni ban iya iyo ba."

"Wannan kuma tsakaninka da iyayenka ne, Alhaji. Ni dai ban hana ka ba."

Na ce, "Har zuwa yaushe za mu zauna a nan?"

"Juma'a da safe. Na shirya mota tana jiranmu a mahaɗar Pallikadavu, awa huɗu mun isa babban birni. Ba wanda ya sani. Ko Sosamma ban gaya wa ba."

"Matar taka?"

"Malama, in na gaya wa Sosamma da safe, kafin rana ta take limamin coci ya ji."

"To Kochappan fa?" Kochappan ƙanin matarsa ne, shi ne kuma sakataren jam'iyya.

"Shi ne na farkon wanda bai kamata ya sani ba."

Yana cikin magana idonsa ya faɗa kan matuƙin jirgin, wani siririn mutum mai suna Tankappan, ya ɗaura jan tawul a ka, irin launin tutar 'yan ƙwadago. Ittup ya ƙura wa tawul ɗin ido.

"Kai, ɗan ƙungiyar ƙwadago ne kai?"

"Ranka ya daɗe, a nan ko kifi ɗan ƙungiya ne."

"Kun ji ko? Ɗan leƙen asiri! Sauka. Kai ma mai girki, bi shi."

Tankappan ya ce, "To wa zai tuƙa?"

"Mutumin da zai riƙe sufurin jiha kaf ranar Juma'a kake tambaya wa zai tuƙa kwale-kwale? Kakana jirage arba'in gare shi. A kan ruwa aka yanke mini cibiya."

"Ranka ya daɗe, jirgin nan amana ce a hannuna, ba na barin sa!"

Ittup ya lallaɓa su ya ce su sauka a yi maganar a tudu cikin mutunci. Suna taka ƙasa ya daka tsalle ya dawo, ya ja igiyar inji. Muka bar Tankappan a gaɓa yana dukan ƙirji yana ihu, "An sace jirgi! An sace jirgi da mutane a ciki!"

Dakta ya fito da 'yar rediyonsa zai kama labarai. Ittup ya karɓa, ya zare batira, ya wurga su ruwa, ya miƙa masa abarsa da hannu biyu. Ya ce, "Jam'iyyarmu ba ta hana kowa sauraron rediyo. Ga ta nan, saurara."

Abin da bai sani ba game da jirgi shi ne, in ka tura sandar tuƙi dama, hagu yake yi. Ba mu yi tafiyar minti goma ba muka nufi matakalar da mata ke wanki gadan-gadan. Da ya ga za a gane shi, sai ya fizgi tawul ya naɗe fuskarsa, ido kawai ya bari, ya daka mana tsawa, "Kowa ya kwanta! Kada a ga fuskarku!" Muka zube rub da ciki. Jirgi ya daki matakala ya karkata, kwanonin wanki suka yi ta iyo, Alhaji ya ɗago kai ya kwarara ihu, "Wayyo Allah! Jama'a a cece mu!" Ittup ya danne masa kai da ƙafa, ya juya jirgi da baya. Matan suka tsaya baki buɗe, sabulu a hannu, suna kallon wani mai rufaffiyar fuska yana taka wuyan dattijo.

Gaba kaɗan muka afka cikin garken agwagi, sun fi dubu, wani tsoho na kora su daga cikin ɗan mitsitsin kwale-kwale. Agwagi suka tashi sama, suka sauka kanmu, suka shiga ɗakuna, ɗaya ta zauna a cinyar Dakta ta yi abin da ta ga dama. Tsohon ya miƙe yana zuba zagi.

"Kai makaho! Uban wa ya ba ka jirgi?"

"Kauce, baba! Aikin ƙasa muke!"

"Ƙasar ce ta ce ka bi ta kan agwagina, ɗan banza mai fuskar ɓarayi?"

Ya kawo wa Ittup duka da doguwar gorarsa. Bai same shi ba, amma gorar ta ɗauke mayafin nan mai bakin zinariya, wanda ko jaririn jiharmu ya san na wane ne. Ittup ya so ya koma, jirgi ya ƙi. Muka shige wani lungun ruwa, kainuwa ta naɗe farfelar inji, hancin jirgi ya nutse a laka, komai ya tsaya cik.

Ittup ya kwance tawul, ya dubi kurmin kwakwa hagu da dama, ya gyaɗa kai. "Madalla. Nan nake nufi tun farko."

Aka zo maganar abinci. Guzurin da ya yi mana shi ne buhun ɗanyen rogo, da kwandon ayaba, da akwati guda cike da jawabansa na majalisa, wai mu riƙa karantawa don kada kaɗaici ya dame mu. Ashana kuwa tana aljihun mai girkin da ya kora. Ya ce tun da mu 'yan majalisa ne, komai sai an bi ƙa'ida, ya zauna kan buhun rogo ya buɗe zama. Dakta ya kawo ƙudurin cewa in an samu wuta Malama ta yi girki. Alhaji ya goyi baya.

Na ce, "Shekara talatin da uku ina riƙe da bulala, kuma hannuna bai manta ba. Masu goyon baya su ɗaga hannu in gani."

Ba wanda ya ɗaga. Muka ci ayaba ran Talata, muka ci ayaba ran Laraba, sauro kuma ya ci mu.

Ran Laraba da hantsi wani mai kwale-kwale ya doso mu yana leƙe. Ittup ya sake naɗe fuska, ya kore shi da itacen tuƙi, ya ce ɗan aiken 'yan hamayya ne. Da yamma jirgin 'yan sanda ya wuce ta babban ruwa, ana kira da lasifika, "Ittup Tarakan! In kana ji ka amsa!" Alhaji ya buɗe baki zai amsa, Ittup ya cusa masa ayaba.

"Kun ji da kunnenku," in ji shi cikin raɗa, fuskarsa tana ƙyalli don daɗi. "Har da lasifika suke nemana. Wane shugaba aka taɓa yi wa haka?"

Ran Alhamis yunwa ta kai mu maƙura. Dakta ya cire tabaransa mai kauri, ya saita shi da rana a kan takarda, hayaƙi ya tashi. Ittup ya zabura.

"Dakta! Jawabina ne na kasafin kuɗi!"

"Shi ya sa na zaɓe shi, Shugaba. Ya fi kowanne tsawo, zai gasa rogo huɗu."

Ya gasa biyar. Ittup ya ci biyu yana hawaye, ya ce hayaƙi ne.

Juma'a da sassafe ya fito sanye da sabuwar farar riga da sabon farin zane irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, ya ja igiyar inji sau ashirin, inji ya yi tari ya yi shiru. Allah ya jefo mana wata mata mai kamun kifi, na yi mata magana ta yarda ta kai mu gaɓa. Ittup ya ce shugaba ne ke fara shiga. Ya sa ƙafa ɗaya a kwale-kwalenta, ɗaya tana jirgi, jiragen biyu suka rabu a hankali, shi ma ya yi ta rabuwa har ya faɗa laka tsamo-tsamo. Da muka jawo shi, haƙoransa kawai ke da fari.

A hanya matar ta ce ita yau ba ta kai kifi kasuwa, hartal ake yi, wato yajin gama gari.

Na ce, "Na me kuma?"

"Oho. An ce wani babban mutum aka sace da mutanensa."

Ittup ya ƙyalƙyale da dariya har kwale-kwale na rawa. "Kun gani? Wani sakaran shugaba ya bari an kwashe masa 'yan majalisa. Da ya zo na koya masa."

Mu mutanen nan ba ma wasa da hartal. In aka kira shi, daga shida na safe zuwa shida na yamma ba kanti, ba makaranta, ba motar da za ta taka titi, wadda ta gwada kuwa ta sha duwatsu. Tun jajibiri kowa ke sayen kazarsa da bamminsa. Ba ma cika tambayar dalili ba, balle in ya faɗo ran Juma'a, ya haɗe da Asabar da Lahadi. Ittup kuwa duk jihar ba wanda ya kai shi tsanar hartal, ya ce tauye 'yanci ne, ya hana jam'iyyarmu kiran ko guda.

Muka isa gab da mahaɗar, inda mota za ta jira mu, wajen ƙarfe goma saura. Ba mota, ba direba. Titi fayau, maza sun baje tabarma a tsakiyarsa suna karta, ƙamshin soyayyar kaza ta ko'ina. Can gaba muna jin lasifika, sai muka bi. Muna karya kwana muka ga mahaɗar Pallikadavu cike da mutane har kan katanga da rassan mangwaro. An kafa dandamali. A tsakiyarsa ga hoton Ittup ya kai tsawon ƙofa, an rataya masa furanni, an kunna fitila a gabansa. Ga mayafinsa mai bakin zinariya cikin akwatin gilashi. Ga Sosamma cikin fararen kaya mata na yi mata fifita. Kochappan na riƙe da makirufo, muryarsa ta dushe.

"Ɗan fashi mai rufaffiyar fuska! Mata sun gani da idonsu! Ya taka wuyan Alhaji! A sako Ittup!"

Jama'a suka amsa har ƙasa na girgiza, "A sako Ittup!"

Na zagaya bayan dandamali na jawo Kochappan zuwa bayan rumfar mai shayi, inda muka ɓoye Ittup. Ya dubi mutumin lakar nan sama da ƙasa, sai da Ittup ya ce "Kai Kochappan" sannan ya gane shi. Ya rungume shi yana kuka.

"Yaya! Kana da rai! Yaya na!" Ya share hawaye, ya leƙa taro, ya dawo da kansa. Sai muryarsa ta yi ƙasa. "Yaya, don Allah ka koma."

"In koma ina?"

"Inda ka fito. Zuwa ƙarfe shida kawai."

"Ka haukace? Ƙarfe uku ake ƙuri'a! Maza ka janye wannan shirmen, a kawo mini mota!"

"A janye? Yaya, gunduma uku a rufe! Ko kare bai tsallaka titi ba! Shekara ashirin ina roƙonka ka bar ni in kira hartal ko sau ɗaya ka ƙi. Yau na kira, har 'yan hamayya sun rufe kantunansu don kada a ce su suka sace ka. Yanzu ka fito da ranka garau ka kunyata ni?"

"Ni ne fa aka sace ɗin, ga ni tsaye!"

"To ai shi ne matsalar, Yaya."

Sai ga Sosamma ta zagayo. Ta tsaya ta kalli mijinta tun daga ƙafa har ka.

"Baban Meri, kwana uku ina kuka a gaban jama'a. Bishop da kansa ya zo gidanmu. Jarida ta buga hotona bakina a buɗe. Wa ya sace ka?"

"Dabara ce ta siyasa, Sosamma, ba za ki gane ba."

"Ka ci abinci?"

"Rogo."

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji, "ni ne shaida, biyu ya ci."

Sosamma ta naɗe lemarta ta shimfiɗa wa mijin a gadon baya sau biyu, laka ta fantsama, sannan ta fashe da kuka na gaske.

Ni dai agogo nake kallo. Abu uku ne hartal bai hanawa: motar asibiti, motar biki, da motar madara. Ga motar madara kuwa a gefen titi, direban yana shirin komawa babban birni da garewanin da ya juye madararsu. Na ruga na yi masa bayani. Ashe tsohon ɗalibina ne, na taɓa zane shi kan lissafi, bai riƙe ni ba. Ya ce in za mu iya zama tsakanin garewani, mu hau yanzu, shi ƙarfe goma da rabi yake tashi.

Na dawo da gudu. "Shugaba, Allah ya kawo mafita! Taso mu bi ta baya, ba wanda zai gan mu."

Bai ji ni ba. Ya leƙa ta ramin asabarin mai shayi yana kallon taro. Mutum ya fi dubu goma, kowa na kiran sunansa. Shekara talatin da ɗaya mutumin nan yana jawabi ga kujerun da ba kowa, in ya miƙe a majalisa har masu gadi sukan fita shan shayi. Wallahi ya ba ni tausayi.

"Malama," ya ce, "duk ni suke kira?"

"Kai suke kira. Za su kira ka da kyau in ka zama minista. Taso."

"Minti biyar. In gaishe su kawai."

"Shugaba, na san minti biyar ɗinka. Na taɓa saƙa hular jikata cikin minti biyar ɗinka."

"Ku hau mota, ga ni nan."

Kochappan ya riƙe masa zane, ya fizge. Muka hau, muka jira har goma da minti arba'in, direba ya ce shi fa aikinsa yake tsoro. Muna tashi na ji murya ta cika lasifika, "Ya ku 'ya'yan 'yanci!"

Sauran labarin daga bakin Sosamma na ji shi, ita kuwa ba ta rage komai. Da farko mutane sun ɗauka mahaukaci ne ya hau dandamali, har an fara neman igiya. Da suka gane muryar sai aka ɓarke da sowa, mata na guɗa, wani ya cire furannin hoto ya rataya wa mai hoton. Da ya tsaya a nan, da ya sha. Sai wani ya ɗaga murya daga kan mangwaro.

"Shugaba, wa ya sace ka? Faɗi sunansa mu ƙone gidansa!"

Ittup ya bugi ƙirji. "Wa ya isa ya sace Ittup Tarakan? Ba a haife shi ba! Ni na tsara komai da kaina! Ni na tuƙa jirgin da hannuna, kwana uku ko 'yan sanda ba su gano ni ba!"

Tsohon nan mai agwagi yana sahun gaba, an ba shi kujera saboda shi ya tsinci mayafi. Ya miƙe a hankali yana nuna shi da gora. "Muryar nan! 'Kauce baba, aikin ƙasa muke!' Wallahi shi ne mai fuskar ɓarayin!"

"Ina jirgina?" in ji Tankappan daga baya, yana ture mutane.

"Ina kwanoninmu?" in ji matan wanki.

Wanzamin mahaɗar ya hau benci. "Tsaya, tsaya, in gane. Wato kai ka sace kanka? Ni na rufe shago ran Juma'a saboda wannan?"

"Ni har aski na fasa don makoki!"

"Ni azumi na yi masa!"

"A mayar da shi ruwa a sake nema!"

Sufeton 'yan sanda ya hau dandamali da littafinsa, ya ce cikin ladabi yana da mai ƙara, yana da wanda aka sace, saura wanda ake zargi, kuma da alama duk a gida ɗaya suke kwana. Ittup ya ce ya dakata ya ƙarasa magana, ya juya ya shiga tarihin 'yancin ɗan Adam tun daga farko. Ɓawon ayaba ya fara sauka, bai fasa ba. Mutane suka gaji da jifa suka koma ga kazarsu. Mai lasifika ya kashe inji ya naɗe wayarsa, Ittup ya ci gaba da baki. Sosamma ta ce wajen ƙarfe ɗaya ya dubi gabansa, ya ga ba kowa sai ita da Sufeto da agwagi shida, sannan ya dubi agogo.

Ya diro yana ihu a kawo mota. Ai kuwa hartal ya riga ya watse, ba mai jifan kowa, amma duk direban da ke gundumar ya fara bamminsa tun ƙarfe takwas. Direban da Ittup ya ɗauka haya tun farko an same shi ƙarƙashin bishiyar kwakwa, an tashe shi, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "A sako Ittup," ya koma barci. Ƙarfe uku ta yi wa Ittup a bencin mai shayi, yana ba Sufeto bayani, rediyo na magana a kansu.

Mu kuwa uku saura kwata muka shiga majalisa, muna warin madara da laka, Alhaji ya rasa takalmi ɗaya. Aka kaɗa ƙuri'a, gwamnati ta tsira da ɗaya tal. Babban Minista ya kira mu ofis yana share gumi.

"Ina shugabanku?"

Alhaji ya ce, "Yana jawabi, ranka ya daɗe."

"To ni alkawari na yi wa wanda ya kawo mini ƙuri'a uku, kuma yau nake miƙa suna. Wa ya kawo ku?"

Alhaji ba zai yarda Dakta ya samu ba, Dakta ba zai yarda Alhaji ya samu ba. Duk suka nuna ni.

Ran Litinin aka rantsar da ni Ministar Sufuri. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi, har na yi rawa a ɗaki ni kaɗai. Amma ran Talata na nufi gidan Ittup cikin farar motar gwamnati mai tuta, don na san kujerar wa na zauna.

Na same shi a baranda, ya rame, jarida a kife a cinyarsa. Ya sauko. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya taɓa tuta, ya goge ƙura a madubi da bakin zanensa.

"Malama, kin san duk shirina ne ko? Na daɗe ina cewa lokaci ya yi da mace za ta riƙe sufuri."

"Na sani, Shugaba."

Ya leƙa kujerar baya. "Da laushi?"

"Shiga ka ji."

Ya shiga, ya zauna a gefen da minista ke zama, na zagaya na shiga ɗaya gefen. Ya shafa kujerar da tafin hannu, ya yi gyaran murya, ya ce wa direba, "Bi ta mahaɗa. A hankali."

Da muka iso ya sauke gilashi ya fara ɗaga wa mutane hannu. Wanzami ne ya fara hango shi, ya fito da aska a hannu yana ihu, "Jama'a ku fito! An sake sace shi!" Kasuwa gaba ɗaya ta fito bakin titi, ana dariya har da masu riƙe ciki, mai shayi na buga faranti, ana ta kiran "A sako Ittup!"

Bai sauke hannunsa ba. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kin ga yadda suke so na, Malama?"

Na ce, "Na gani, Shugaba." Na taɓa kafaɗar direba na ce ya sake zagayawa.